Yaron da Ke Waiwaye

Litinin, 5 ga Mayu, bayan magariba

Yau ma ya waiwaya.

Zagaye uku yana kan gaba, tafiyarsa sumul, Gazali na biye da shi yana haki kamar ransa zai fita. Suna shiga zagayen ƙarshe, daidai kwanar dogonyaro, sai ya juya kai ya dubi baya. Ya sake juyawa. Kafin ya maido fuskarsa Gazali ya wuce shi yana washe baki. Tun da na fara koyar da wasanni a makarantar nan na ga yaro mai ciwon gefen ciki, na ga matsoraci, na ga rago na bugawa a jarida, amma wanda ke kan gaba yana leƙen abin da ya baro, wannan sabo ne a wurina. Me yake dubawa?

Ranar 24 ga wata za a yi gwajin 'yan gudu a Sakkwato. A tseren mita dubu da ɗari biyar mutum biyu kacal za su ɗauka, su ba su makarantar kwana can, su ci gaba da horar da su. Idan ba a ɗauke shi ba, ƙanena Na'iya zai zo ya maida shi Fakku da saukar ruwan fari, domin gona ba hannu. Haka aka yanke a gaban Inna, ina zaune ban ce uffan ba. Me zan ce? Ɗana ne na fari. Tun yaye yana hannun iyayena, Tsoho da Inna, kuma a gidanmu uba ba ya sa baki a maganar ɗan farinsa, ko sunansa ba ya kamawa. Ina so ya zauna. A nan dai na iya rubutawa.

Talata, 6 ga Mayu, da hantsi

Na ce ko wuya ne. Na tsayar da shi a inuwa, na ce kai, juya dama, juya hagu, duƙa. Lafiya lau. Na tafa hannu a bayan kunnensa ɗaya bayan ɗaya, duka suna ji. Gazali, ɗan mai shayin bakin tasha wanda bakinsa ya fi ƙafarsa sauri, ya ce a gwada masa linzami. Na sa shi tsallen kwaɗo har gindin fanfo.

Laraba, 7 ga Mayu, da azahar

Ba labari daga Kebbe.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan la'asar

Yau na yi dabara. Na zaunar da sauran yaran duka a ƙarƙashin dogonyaro, na ce shi kaɗai zai zaga. Tunanina shi ne ƙarar takun Gazali ke firgita shi, to bari mu ga idan ba kowa a bayansa.

Ya waiwaya. Fili fayau, ba mutum, ba akuya, sai layin toka da muka zuba, amma a wannan kwanar dai ya juya kai. Ashe ba Gazali ba ne. Wallahi sai na ji wani irin daɗi, irin na mutumin da ya kawar da amsa ɗaya daga cikin jarrabawa, sai daga baya na tuna cewa ban matsa ko nan da can ba.

Da suka taru na tambaye shi, fuskata na kallon agogon waya, me yake gani a baya. Ya ce bai san yana yi ba. Na yarda da shi, domin yadda ya buɗe ido ba na mai ƙarya ba ne.

Asabar, 10 ga Mayu, da safe

Matata Bara'atu ta ƙara masa dunƙulen fura. Ita “yaron Inna” take ce masa, ni kuwa “kai”, shi kuma Malam yake ce mini kamar kowane ɗalibi. Ƙannensa ne kawai ke kiran sunansa a gidan, su kuwa har ya yi yawa.

Ita ce ta nuna mini abin da ban lura da shi ba: duk inda zai zauna sai ya fuskanci ƙofa. Cin abinci, karatu, wanke kambas ɗinsa, duka fuskarsa na zaure. Ta ce tun ranar da aka kawo shi cikin azumi haka yake.

Ban taɓa rubuta zancen ranar ba, yau ma ba zan yi ba. Abin da na sani shi ne da ƙafa ya iso Kebbe daga Fakku, shi ya kai labarin ɓarayin shanu, mutanen tasha suka ba shi ruwa ya kasa riƙe kofin. Tun ranar muke jiran labarin Tsoho daga can. Da wani direba ke ba ni labari, kowa na salati, ni kuwa abin da ya faɗo mini a rai shi ne yaya yaro zai yi wannan tafiyar da gudu bai faɗi ba. Astagfirullah. Sana'a ba ta da kunya. Daga nan ne na sa shi cikin 'yan gudu.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan magariba

Sabuwar dabara. Na rataye jarka mai ruwan ɗorawa a ƙarfen gola, na ce da ya shiga zagayen ƙarshe ya kafa mata ido, kada ya sake ta ko ƙasa za ta tsage. Karo na farko ya kai kwana, wuyansa ya fara karkata, ya maido shi da ƙarfi. Karo na biyu ya waiwaya. Karo na uku bai yi ba, kuma ya bar Gazali da nisa har na ji tsigar jikina ta tashi.

Na rungume Gazali. Yaron kuwa na ce masa madalla.

Laraba, 14 ga Mayu, da hantsi

Mun fita hanyar Jabo da sanyin safiya, su a ƙasa ni a kan babur, domin yashin wajen yana gina cinya. Na yi ta kallon ƙeyarsa. A miƙaƙƙiyar hanya ba ya juyawa ko kaɗan, sai can da numfashi ya fara ƙarewa, kafaɗa ta ɗaga, sannan kan ya fara. To ke nan ba kwanar dogonyaro ba ce, gajiya ce ke buɗe masa ƙofar. Muddin da sauran ƙarfi yana nan tare da mu. Da ƙarfin ya ƙare sai ya koma wani wuri.

Ina ne wurin, na sani. Ban san dai abin da yake gani a can ba, kuma ba ni da bakin tambaya.

Mata masu tallan nono sun tsaya suna kallonmu, ɗaya ta tambayi ko wani abu ne ya koro yaran. Na ce a'a, wasa ne. Ba ta yi dariya ba.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan la'asar

Gazali ya ɓata mini rai yau, kuma har yanzu maganarsa na cina.

Al'adata ce a kwanar ƙarshe in ɗaga murya in kira kowane yaro da sunansa, in haɗa masa da tsiya: Gazali ɗan mai shayi ruwa ya tafasa, Saminu sarkin barci gari ya waye. Suna jin haka sai ka ga ƙafa ta ƙaru. Muna tattara kaya sai ɗan banzan nan ya matso, ya rage murya kamar mai neman izinin fita.

“Malam, kowa kana kiran sunanai a kwana, shi ko sai usur. Mi yas sa?”

Na ce ya ɓace mini da gani. Ya sani sarai, duk makarantar an sani, neman magana ne kawai. Amma fa da na zauna sai na ga ban taɓa lissafa wannan cikin dalilai ba. Na duba wuya, na duba kunne, na duba takalmi, ban duba bakina ba.

Juma'a, 16 ga Mayu, da yamma

Na sa yaran su kira sunansa gaba ɗaya a kwana. Sun yi har da kiɗan bokiti. Murmushi ya yi, ya waiwaya abinsa.

Ba labari daga Kebbe.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan magariba

Na je Fakku gaida Inna. Garken yana nan, turaku a kafe, ba komai a ɗaure. Na'iya ya share gona shi kaɗai, ya rame, ya ce hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Inna ta tambayi yaronta, ko yana ci, ko yana barci. Na ce yana gudu. Na zaga na zaga har na kawo zancen waiwayen, kamar labarin wani ɗalibi daban nake bayarwa. Ba ta ruɗu ba. Ta ce tun yana ɗan mitsitsi idan ya bi maruƙa fadama, Tsoho kan hau tudun bayan gida ya ƙwala masa kira, ya ja sunan har sai ya ƙare masa numfashi, yaron kuma duk inda yake sai ka hango shi ya sheƙo. Ta ce maƙwabta har tsiya suke wa Tsoho, wai ladanci ya kamata ya yi.

Na ce ranar fa?

Ta gyara ɗankwali. Na'iya ne ya amsa daga bakin ƙofa, ya ce ranar ma Tsoho ya kira shi, ya ce masa ya ruga Kebbe kada ya tsaya. Shi kuma Tsoho ya bi sawun shanun da aka kora. Daga nan Inna ta tashi wai za ta duba tukunya, alhali ba wuta a murhu.

A hanyar dawowa na yi abin da ban taɓa yi ba. Na bari sai da na wuce Kebbe, na sami wurin da ba kowa, iska na dukan fuska, na buɗe baki in faɗi sunan. Abin mamaki, bai fito ba. Harshe ya san hanya, gaɓa biyu ce tak, amma abu ya gagara. Na sake gwadawa, wani gurnani ya fito da ko ni ban gane shi ba. Me ke riƙe shi? Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce kada ka faɗa. Na dai tashi na ga Tsoho ba ya kiran babban yayanmu, marigayi, har ya koma ga Allah bai ji sunansa a bakin ubansa ba, kuma ba wanda ya ce ba ya son shi. Kowa ya san shi ya fi so.

A karo na uku ya fito, ƙasa-ƙasa. Na kusa faɗawa rami.

Talata, 20 ga Mayu, da hantsi

Jarka na aiki. Jiya bai waiwaya ba, yau ma haka. Na ce masa a Sakkwato ba jarka, ya zaɓi wani abu a gabansa tun kafin a tashi, tuta ko rumfa ko hular wani, ya riƙe. Ya ce to, Malam.

Gazali ya ce shi hular alƙalin wasa zai riƙe, in ya ci ya wuce da ita gida.

Ni dai ban san ko in yi abin da nake tunani ba. Wata zuciyar ta ce abu ya gyaru, ka bar shi. Wata ta ce yaran Sakkwato ba yaran Tambuwal ba ne, za su matse shi har ƙarfin ya ƙare, a lokacin jarka ba za ta ishe shi ba. In murya ce ke sa shi sheƙowa, ai muryata da ta Tsoho kowa na cewa ba a bambanta su ta bayan danga.

Alhamis, 22 ga Mayu, da la'asar

Na'iya ya bugo waya. An yi yayyafi wajensu.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

Bara'atu ta wanke masa rigar gudu ta goge, rigar da ba a gogewa. Ta soya ƙuli ta ƙulle a leda, ta ba ƙanwarsa ta kai masa, tana tsaye a bakin madafa tana kallon ko zai karɓa. Na ce mata mutum biyu za a ɗauka cikin taron jiha guda, kada ta sa rai da yawa. Ta ce ita ba ta sa komai ba, ni ne tun jiya nake zaga tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

Asabar, 24 ga Mayu, bayan magariba

Mun dawo.

Lahadi, 25 ga Mayu, da hantsi

Bari in rubuta yadda aka yi, ko zan huta.

Filin na Sakkwato jan daɓe ne, ba toka ba yashi, yaranmu har tsugunawa suka yi suna taɓa shi da hannu. Aka jera su, aka tashi. Wani dogon yaro daga Gwadabawa ya fita gaba tun farko, kowa ya ga wannan ba a kama shi. Saura gurbi ɗaya ke nan. Yaron ya zauna a na biyu, tafiyarsa tsaf yadda na koya masa, hannu ƙasa, kafaɗa sake. Gazali yana na huɗu.

Aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe. Ina jingine da ƙarfen shinge, ina kallon ƙeyarsa. Kafaɗa ta ɗaga. Na ce shi ke nan, yanzu zai juya. Bai juya ba. Ya kafa ido a wani abu can gaba, ban san ko mene ne ba, ya riƙe shi, ya shiga kwanar ƙarshe kansa a miƙe. Aikinmu ya ci. Wannan nake so in rubuta da kyau: ya riga ya ci, ba ya buƙatar komai daga wurina.

Amma na ga biyu na taso masa ta baya, Gazali da wani, tazarar na raguwa, sai tsoro ya kama ni. Ban yi shawara ba. Na cika ƙirji na ƙwala sunansa, na ja shi har numfashina ya ƙare.

Ya tsaya.

Ba waiwaye ba, tsayawa. Ya juyo gaba ɗaya yana neman inda muryar ta fito, bakinsa a buɗe, ya yi taku biyu zuwa wajen shinge. Na ɗaga hannu ina cewa tafi, tafi. Kafin ya gane sun wuce shi. Ya bi su, ya kusa kamo na ukun, layi ya ƙare.

Gazali ne na biyu. An ɗauke shi. Malamai suka yi ta zuwa suna ba ni hannu, wai Tambuwal ta fitar da ɗa, wani jami'i ya ce in ci gaba da irin wannan aikin. Na yi ta cewa na gode. Gazali kuwa, mai bakin nan, ya zauna kusa da abokinsa ya cire masa takalmi.

A mota na zauna gaba, su a bayana. Muka wuce Shagari. Sai na ji ya matso kusa da kujerata, ya yi magana a hankali don kada direba ya ji.

“Malam, ka yi haƙuri. Na aza an ga Tsoho.”

Shi ke ba ni haƙuri. Na ce ba komai. Na ce ya yi gudu mai kyau. Ina kallon titi na faɗa.

Litinin, 26 ga Mayu, da la'asar

Ban fita fili ba. Na ce wa yara a huta.

Ina ta juya abin. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakina ba, to ranar da ya ji, me zai ɗauka in ba babban labari ba? Kowane ɗan fari a Tambuwal zai gaya maka haka. Na auna wuyan yaro, na auna numfashinsa, na gano lokacin da kansa ke juyawa, wannan ɗaya da ko ƙanwarsa ta sani ban tsaya na auna ba. Raina ya ɓaci, kuma ba ni da wanda zan ɓata wa.

Talata, 27 ga Mayu, da asuba

An yi ruwa sosai.

Laraba, 28 ga Mayu, da azahar

Na'iya ya zo da hantsi. Na kwana da niyyar in yi magana, na shirya kalmomin: a bar shi ya ƙare zango, akwai gwaji baɗi, ni zan nemi wanda zai taya noma. Tun da na riga na yi abin kunya a gaban jiha guda, na biyu ba zai kashe ni ba.

Na fito na tarar yaron ya ɗaure jakarsa a bayan babur. Bara'atu ta ce tun jiya ya gaya wa ƙanwarsa, don ta gaya mata, don ta gaya mini, cewa shi ke son tafiya. Inna ita kaɗai ce, kuma idan Tsoho ya dawo ya kamata ya tarar da shi a gida.

Na haɗiye kalmomina. Na ce wa Na'iya ya riƙa barin shi ya yi gudu da safe kafin a fita gona, ƙafar kada ta mutu. Na'iya ya ce to, Yaya, irin to ɗin da ake ce wa mai zazzaɓi. Yaron ya durƙusa ya yi mana sallama, ni da uwarsa muka amsa muna kallon wani wuri. Suka tafi.

Alhamis, 29 ga Mayu, bayan la'asar

Yara sun tafi islamiyya, gidan ya yi tsit. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina gyaran igiyar usur, Bara'atu na tsince shinkafa. Tun ranar Asabar ba ta tambaye ni komai ba, amma ta ji, matar mai shayi ta ba ta labari har da ƙari.

Ba ta ɗago ba ta ce, “Malam, ƙaƙa yaf fito bakinka?”

Na ce ban sani ba, fitowa kawai ya yi. Ta ci gaba da tsinta. Can ta ce ita ce ta zaɓi sunan tun yana ciki, ta raɗa wa Inna, Inna ta kai wa Tsoho kamar ra'ayinta ne. Ban taɓa sani ba. Ta ce daga ranar suna zuwa yau ko a zuci ba ta cika faɗinsa ba, gudun kada ya suɓuce mata a gaban mutane.

Ta ajiye farantin. Ta leƙa zaure ta ga ba kowa, ta dawo ta zauna kusa da ni, ta ce in faɗa ta ji, a hankali.

Na faɗa. Ta ce in sake.